Daular Jiragen Sama na Farko: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Tsofaffin hotunan jiragen sama na yawo a wayoyi: fasinjoji cikin kwat, tebur da farin mayafi, ma'aikaci na zuba shayi. A ƙasa sai a rubuta cewa mutanen da sun fi mu jin daɗin tafiya. Hotunan na gaske ne, amma labarin an ƙara masa gishiri.

Daula kam an yi ta. Tun 1927 kamfanin Imperial Airways ke ba da abincin rana tsakanin Landan da Faris. A 1936 jirgin Douglas mai gadaje 14 ya fara jigila a Amurka, mutum ya miƙe ƙafa ya yi barci. Masu hali ne kaɗai ke shiga.

Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne ƙara. A jirgi irin Ford Trimotor, auduga ake raba wa fasinjoji su toshe kunne. Ba a fara daidaita iskar cikin jirgin fasinja ba sai da Boeing 307 ya soma aiki a 1940. Kafin nan ƙasa-ƙasa ake tafiya, inda iska ke wujijjiga jirgi, ga sanyi, ga amai. Shi ya sa Ellen Church, mace ta farko da aka ɗauka hidimar fasinjoji a 1930, nas ce, haka ma sauran 'yan rukuninta. A ganina farin mayafin nan lallashi ne, don mai kuɗi ya manta cikinsa na juyawa.

Masu cewa mata ne suka fara wannan aiki sun yi kuskure. Wani Bajamushe, Heinrich Kubis, ya riga su tun 1912, a cikin zungureriyar balan-balan ta Zeppelin.

Sai batun Hindenburg, wanda shi ma jirgin Zeppelin ne. Wai akwai ɗakin shan sigari a cikinsa, alhali cike yake da iskar haidurojin mai saurin kama wuta? Ƙwarai akwai, da ƙofa ta musamman da mai gadinta. Amma cewa duk waɗanda ke ciki sun mutu lokacin da ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, ba haka ba ne. Cikin mutum 97, 62 sun tsira, har da shi Kubis ɗin, wanda a ranar shi ne shugaban masu hidima.