Shirin Musamman: Hoto Ba Ya Faɗin Tsawon Riga

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Randagi ne, a yammacin ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta jihar Kaduna, kuma zancen sutura za mu yi: yadda mutum zai sayi riga ta waya, bai taɓa ta ba, bai gwada ta ba, amma ta zo daidai tsawonsa. Duk wanda ke da tef ɗin awo irin na teloli, ya jawo shi kusa, akwai aikin da za mu yi da shi.

Kasuwa dai ta shigo waya, wannan kowa ya sani. Jumia da Konga sun fara harka a Najeriya tun 2012, Temu kuma ta shigo a ƙarshen 2024. To amma a nan wajenmu, yawancin cinikin ba ta can yake bi ba. Ta WhatsApp yake bi, da Facebook, da TikTok. Wata Hajiya ce a Kano za ta ɗauki hoton abaya a Kantin Kwari ta ɗora, ko wani matashi mai shago a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ya jera jallabiyoyi a bidiyo. Ka gani, ta burge ka, ka je wurin mai POS ka tura kuɗi, a kai kayan tasha a ba direba.

Ku bi wannan ƙunshi da idon zuci. Daga Kaduna zai biyo ta Buruku da Udawa, tafiyar sama da kilomita 100 kafin ya iso cikin garin Birnin Gwari. Daga nan sai an samu mai mota ko mai babur da zai ƙarasa da shi Randagi. Kowane hannu da ya ɗauka, da ɗan abin da za a ba shi. Kuma mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu abin da hanyar nan ta gani. A ƙarshen watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a sassan jihar saboda matsalar tsaro, aka yi kusan wata biyu babu kira balle ciniki. Sai a watan Nuwamba na 2024 ne gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta daɗe a rufe, zirga-zirga ta ɗan farfaɗo. Wanda ke zaune a Kaduna, in riga ta yi masa gajarta, Keke Napep zai hau ya je ya canzo. Wadda ke Randagi kuwa, kuɗin mayar da rigar da kuɗin sake kawo wata kan iya cinye duk arahar da ta hango. Shi ya sa da yawa sukan haƙura. A ninke sabuwar riga a jefa ƙasan akwati, ko a ba ƙanwa ba don an yi niyya ba. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin kuɗin gumi ne, na noma da na ƙananan sana'o'i, kuma awon minti biyar zai iya hana ta.

Tushen matsalar shi ne hoto. Hoto zai nuna miki launi, ya nuna miki aikin wuya da duwatsun hannu, amma ba zai gaya miki tsawo ba. Yarinyar da ta sa rigar a hoton galibi doguwa ce aka zaɓo, ga takalmi mai tudu a ƙafarta da ba a nuna miki ba. Wani lokacin ma ba mutum ba ne, gunkin shago ne aka rataya wa. Su kuma haruffan nan da ake liƙawa a wuyan riga, S da M da L da XL, faɗin jiki suka fi nufi, kuma ba su da ma'auni ɗaya a duniya. Abin da masana'antar Chana ta kira L sau da yawa ya fi na Turkiyya ko na Amurka ƙanƙanta. Sai kuma babbar kalmar 'yan kasuwa, "firi sayiz ce Hajiya, kowa tana yi masa." Ta fannin faɗi, wataƙila. Ta fannin tsawo, babu rigar da za ta yi wa gajeruwa da doguwa daidai a lokaci guda.

(Ɗan kiɗa)

To bari mu zo kan lambobi, a nan amfanin yake.

Iyayenmu mata da 'yan'uwa, in kun duba wuyan abaya za ku ga an rubuta 52, ko 54, ko 56, ko 58, ko 60. Wannan lamba tsawon rigar ce da inci, daga saman kafaɗa, nan kusa da wuya, zuwa bakinta na ƙasa. A jadawalin da wasu masu ɗinka abaya ke bi, mace mai tsawon ƙafa 5 cif, wato inci 60, lamba 52 ce tata. Mai ƙafa 5 da inci 2 ta ɗauki 54. Mai ƙafa 5 da inci 4 ta ɗauki 56, mai ƙafa 5 da inci 6 kuma 58. In kun lura, lissafin mai sauƙi ne: ki san tsawonki da inci, ki cire 8, abin da ya rage shi ne lambarki. Wannan takwas ɗin kimanin na kai da wuya ne.

Amma kada ki tsaya a kan lissafi kaɗai, domin jiki ya bambanta. Mata biyu za su iya zama tsawo ɗaya, abaya ɗaya ta sauka wa ɗaya har dunduniya, ta ɗage wa ɗayar. Mai jiki, ko mai juna biyu, gaban rigarta yakan ɗaga, don haka tana bukatar ƙarin inci ɗaya ko biyu. Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce wannan. Ki buɗe akwatinki ki ɗauko rigar da kika fi jin daɗin tsawonta, wadda in kin sa ba kya tattarewa, ba kya kuma jan ta ƙasa don ta rufe ƙafa. Ki shimfiɗa ta a kan tabarma, ki miƙar da ita sosai ba tare da kin ja ba. Ki ɗora bakin tef a ɗinkin kafaɗa kusa da wuya, ki bi da shi tiryan-tiryan har bakin riga. Lambar da kika gani, ita za ki rubuta. Ki auna hannun rigar ma, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, domin sau da yawa tsawo yakan yi daidai amma hannu ya tsaya a rabin dantse.

In kuwa jiki za a auna, a samu wata ta taimaka. Mutum ba ya auna kansa daidai, domin da zarar ya sunkuya duba lamba, awon ya ɓaci. Ki tsaya cak, ki kalli gaba, da takalmin da za ki riƙa sawa da rigar a ƙafarki.

Yanzu ku ɗauko tef ɗin nan ku duba. Gefe ɗaya inci ne, yana ƙarewa a 60. Ɗaya gefen santimita ne, yana ƙarewa a 150. Kayan da ake sayowa ta Temu ko AliExpress yawanci da santimita ake rubuta tsawonsu. In kin ga an rubuta 140, kada ki firgita, kada kuma ki shiga dogon lissafi. Ki nemi 140 a gefen santimita, ki danne da yatsa, ki juya tef ɗin, za ki ga kina kan inci 55. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Abaya 54 ita ce santimita 137, abaya 56 kuma 142.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya san da shi ba. Wasu tef-tef da ake shigowa da su daga Chana ba incin da muka sani ne a jikinsu ba, nasu awon gargajiya ne, wanda kowane ɗaya ya kai santimita 3 da ɗigo 3. Gane shi ba wuya: tsawonsa ɗaya da na tela, amma lambobinsa a 45 suke ƙarewa maimakon 60. Wadda ta auna riga mai inci 56 da irinsa, 43 za ta gani. In naki haka yake, ki yi aiki da gefen santimita kawai.

(Ɗan kiɗa)

Malam, kai ma zancen ya shafe ka. Lambar jallabiya ita ma tsawo ce daga kafaɗa, sai dai ta namiji a idon sawu ake so ta tsaya ko sama kaɗan, don haka inci 10 ko kusa da haka za ka cire daga tsawonka. Mai ƙafa 5 da inci 8, wato inci 68, zai nemi 58. Malamai suna karantar da cewa tufar namiji kada ta wuce idon sawu, ita kuwa mace an yi mata rangwamen ta saki tata da taƙi ɗaya, in ana tsoron ƙafa ta bayyana a ƙara zuwa kamu ɗaya, kada a wuce nan. Kun ga ke nan tun asali tsawon tufa abu ne da ake aunawa.

Wando kuwa yana da nasa ruɗanin. Telanmu yana aunawa ne daga ƙugu zuwa idon sawu, ka ji ya ce arba'in ko arba'in da biyu. Wandon kanti mai lamba biyu, misali 32 da 30, ta farko ƙugu ce, ta biyu kuma awon ciki ne, daga hantsa zuwa bakin ƙafa. In ka ba mai shago lambar tela alhali shi awon ciki yake nufi, ko dai ya ce babu, ko ya aiko maka da abin da ya ga dama. Ka tambaye shi daga ina ya fara awon.

Kayan yara kuma, ku bar dogaro da shekaru. Lambobin 100 da 110 da 120 da ke jikin kayan Chana tsawon yaron ne da santimita. A jingina shi da bango, a yi alama da gawayi a saitin kansa, a auna.

Wani zai ce to ai sai a sayi doguwa kawai, in ta yi yawa a kai wa tela ya rage. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Doguwa tana raguwa, gajeruwa ba ta ƙaruwa, kuma yadin auduga yakan ɗan motse bayan wankin farko, don haka in kana tsakanin lamba biyu, ɗauki ta sama. Sai dai a duba bakin rigar tukuna. In akwai aiki ko duwatsu ko leshi a ƙasanta, almakashi zai tafi da adon da aka biya kuɗi dominsa.

Barin ta tana jan ƙasa kuma, a Randagi, ba ƙaramin abu ba ne. Da damina taɓo ne, da hunturu jar ƙura, kafin a yi sati bakin rigar ya dafe ya fara zarewa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne babur, wanda shi ne motar yawancinmu a hanyoyin ƙauyukan da ke gefen daji. Bakin abaya ko dogon hijabi in ya yi yawa yakan shiga cikin sarƙa ko wayoyin tayar baya, ya fizgo mace ƙasa, wani lokacin da goyo a bayanta. Inci biyu na banza a bakin riga suna iya jawo karaya. Duk wadda ta san tana hawa babur, abayarta ta tsaya a saman takalmi, in ta hau kuma ta tattare hijabinta a cinya kafin a tashi.

Saura yadda za a yi da mai kaya. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, amma addini bai hana sayen abin da ke nesa ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san an halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa, kuma malaman Malikiyya sun ce in kaya ya zo ya saɓa wa siffar da aka faɗa, mai saye yana da damar mayarwa. Dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ita ma ta ba mai saye damar ƙin kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, in bai dace da bayanin da aka yi masa ba. To amma duka biyun a kan siffa suka rataya. In ba ku yi maganar tsawo ba tun farko, da me za ki kama shi? Cewa zai yi, ai ita ce ta hoton.

Don haka kafin kuɗi su bar hannunki, ki ce masa: "Alhaji, don Allah ɗora mini tef a kan ita wannan da za ka aiko, daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka turo hoton." Lambar wuya takan yi ƙarya, tef a kan rigar ba ya yi. Ki sa ya rubuta lambar a saƙo, ko ya faɗe ta da muryarsa, ki ajiye. Ku kuma yi magana a fili kan wanda zai biya kuɗin mota in abin da ya zo ya saɓa. Mai kayan da ya ƙi ɗora tef, a bar masa kayansa, masu sayarwa suna da yawa.

Kirana na ƙarshe ga telolinmu ne na Randagi da Kakangi da cikin garin Birnin Gwari. Na san wasunku suna ganin kayan waya suna rage muku ciniki. Duk da haka, in mutum ya zo ya ce a auna shi, ku auna shi, ku rubuta masa tsawon riga da na hannu da na wando a takarda, da inci da santimita. Gyaran da ragin ai wurinku za su dawo. Ku kuma 'yan kasuwarmu na Kano da Kaduna da ke jin mu, ku riƙa rubuta tsawon kowace riga a ƙarƙashin hotonta tun kafin a tambaye ku.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu wani shirin, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)