Akiba Rubinstein

Akiba Rubinstein (1880 – Maris 1961) gwanin wasan dara na ces ne ɗan ƙasar Foland. Ana lissafa shi cikin manyan 'yan wasan da ba su taɓa samun damar karawa don neman kambun duniya ba, duk da cewa a shekarar 1912 da wuya a nuna wanda ya fi shi.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Stawiski, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Daular Rasha, a gidan Yahudawa. Danginsa sun so ya zama malamin addini, amma dara ta ɗauke masa hankali. Ya goge a birnin Lodz, inda ya riƙa karawa da gwanin garin, Gersz Salwe.

Gasanni

A 1907 ya lashe gasar Karlsbad. A shekarar ne kuma ya doke Gersz Rotlewi a wani wasa da har yau ake koyar da shi. A 1909 ya raba matsayi na ɗaya da zakaran duniya Emanuel Lasker a Saint Petersburg, ya kuma doke shi a wasan da suka haɗu. A 1911 ya doke José Raúl Capablanca a San Sebastian. A 1912 ya zo na ɗaya a gasanni 5: San Sebastian, Pistyan, Breslau, Warsaw da Vilna.

Neman kambun duniya

A wancan zamanin zakara ne ke gindaya sharuɗɗa, mai ƙalubale kuma ya nemo kuɗin karawar. An shirya ya kara da Lasker a ƙarshen 1914, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, maganar ta wargaje. Bayan Capablanca ya karɓi kambun a 1921, ya nemi a tara dala 10,000 kafin a kara da shi. Rubinstein bai iya tara su ba.

Duk da haka ya lashe gasar Vienna a 1922, a gaban Alexander Alekhine. A 1930 ya jagoranci Foland ta ci lambar zinare a gasar ƙasashe ta Hamburg, inda ya samu maki 15 cikin wasanni 17 ba tare da an doke shi ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Beljiyam da zama a 1926. Ciwon tsoron shiga mutane ya tsananta masa, har ya daina gasa a 1932. A 1950 hukumar FIDE ta ba shi muƙamin babban gwani. Ya rasu a Antwerp.

Tasiri

An fi saninsa da ƙwarewa a ƙarshen wasa, lokacin da 'ya'yan dara suka ragu a kan allo. Salon buɗe wasa da dama na ɗauke da sunansa, kuma tun 1963 ake gudanar da gasar tunawa da shi a Polanica-Zdrój.