Bayan Jana'iza, Ina Gwauruwa Za Ta Kwana?

Mu da muke aiki cikin ikilisiya mun sha ganin wannan abu. Maigida ya rasu, an yi waƙa, an yi addu'a, an binne shi. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba, sai dangin miji su nemi mabuɗin rumbu da takardar fili. Su ce da matar, ko ta yarda ƙanen mijin ya gaje ta, ko ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta. In 'ya'ya mata kaɗai ta haifa, abin ya fi muni. Wani lokaci har a ce ita ta cinye shi da maita, a yi mata duka. Hujjarsu guda ce: wai an biya kuɗin aurenta, don haka ita ma tana cikin kayan gado.

'Yan'uwa, wannan al'ada ta sha kaye a gaban shari'a. A watan Afrilu na 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci biyu. A shari'ar Ukeje ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, domin ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci tsakanin namiji da mace. A shari'ar Anekwe da Nweke kuma, dangin miji ne a garin Awka suka so su raba gwauruwa da gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Kotu ta bar mata gidan. Wadda ta karanta wannan hukunci ita ce Mai Shari'a Clara Ogunbiyi, 'yar Jihar Borno.

A 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP. Ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya wulaƙanta gwauruwa da sunan al'ada. A Abuja ta fara aiki, daga baya jihohi da yawa suka yi tasu, har da Kaduna a 2018.

Amma doka tana birni, gwauruwa kuwa tana ƙauye, ba ta da kuɗin lauya. Wanda yake kusa da ita a ranar shi ne fasto, da dattawa, da Zumuntar Mata. Abin kunya, sau da yawa mai karɓe mabuɗin nan a bencin gaba yake zama ran Lahadi, mu kuwa sai mu ce da matar ta yi haƙuri. Mun manta da Littafin Ƙidaya sura 27, inda 'ya'ya mata biyar na Zelofehad suka kawo kuka gaban Musa, Ubangiji kuma ya ba su gaskiya, aka ba su gadon mahaifinsu.

Saboda haka muna roƙon dattawa kada su watse bayan jana'iza sai an rubuta abin da mamaci ya bari a gaban matarsa. Zumuntar Mata ta riƙa ziyartarta bayan baƙi sun tafi. Magidanta kuma, ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya, da shaidu 2. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa, sai dai ya kare matarka da marayunka ranar da ba ka nan.

Allah ya ba mu zuciyar tsayawa tare da su. Amin.