Gahawa, Abokiyar Mai Karatun Dare

Ya ku malamai da fataken ƙasar Daura, ku sani asalin gahawa Habasha ne. Sufayen Yaman suka yaɗa shanta a ƙarni na 15, domin korar barci wajen zikiri. A 1511 gwamnan Makka ya hana ta, daga baya aka janye hanin.

To, mai saye ya lura, kada kuɗinsa su tafi banza: ƙamshinta cikin ƙwaya yake, garin da ya daɗe a kanti ya rabu da shi. A sayi ƙwaya, a soya a kasko ba tare da ta ƙone ba, a daka, a dafa da citta da kanumfari. Mai bukatar barci ya bar ta bayan la'asar. Wassalam.