Ranar da Sama Ta Yi Ruwan Duwatsu a Kabo

Ranar Lahadi 25 ga Afrilu, 1971, ana tsakiyar bazara, manoma na sharar gona suna jiran ruwan shuka, sai ga duwatsu sun faɗo daga sama a ƙasar Kabo, wadda a lokacin take cikin gundumar Gwarzo. Abin da aka tsinta aka ɗora a sikeli ya kai kilo 13.4. Al'adar masana ce su raɗa wa irin wannan dutse sunan wurin da ya sauka, shi ya sa har gobe sunan Kabo yake cikin kundin duwatsun sararin samaniya na duniya.

Bahaushe ya san zancen gatarin aradu, amma waɗannan ba hadari ne ya kawo su ba. Da aka bincika, sai aka tarar suna da ƙarfe mai yawa, har maganaɗisu na kama su, kuma shekarunsu sun kai biliyan huɗu da rabi. Ɓaraguzai ne daga tarin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mars da Jupiter. Kusan shekara tara kafin faɗuwar duwatsun Kabo, ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami, lardin Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, dutse mai kilo 18 ya nutse a ƙasa dab da shi. Daga baya aka gano daga Mars ya taso.

A Kabo da Zagami duk ba wanda ya san da zuwan baƙon sai da ya iso. Haka duniya ta zauna har 6 ga Oktoba, 2008, ranar da Richard Kowalski, a wata cibiyar hangen taurari a Arizona ta Amurka, ya hango wani dutse mai faɗin kamar mita huɗu. Masana suka lissafa hanyarsa, suka ce washegari zai shigo ta arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi. Ya tarwatse a saman hamadar Nubiya, ɗaliban Jami'ar Khartum suka bi rairayi suka tsinto ɗaruruwan gutsattsarinsa.

Abu biyu ake dubawa wajen auna haɗarin irin wannan dutse ga duniya: girman dutsen da hanyarsa. Idan sabon gani ne, ba a san hanyar daidai ba, sai a zana faffaɗan fili a ce a cikinsa zai bi. Kullum aka ƙara hangensa, filin na tsukewa. Muddin duniyarmu na ciki, lissafin haɗari hawa yake yi. Da zarar ta fita, sai ya faɗi warwas. Haka ta faru da dutsen 2024 YR4: a Fabrairun 2025 yiwuwar ya bugi duniya a 2032 ta haura kashi uku cikin ɗari, kafin wata ya ƙare ta koma kusan babu.

Akwai dai inda gizo ke saƙa. Dutsen da ya fashe a saman Celyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu, 2013, ta wajen rana ya ɓullo, inda na'urorin hange ba sa gani. Faɗinsa bai fi mita 20 ba, amma mutum kusan 1,500 suka jikkata, yawancinsu daga gilasan tagogi.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne Apophis, mai faɗin mita 340. A 2004 an ba shi mataki na 4 a ma'aunin Torino, mai hawa daga sifili zuwa 10, matakin da babu dutsen da ya taɓa kaiwa sai shi. Yau an san zai wuce lafiya ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2029, a tazarar kilomita 32,000, kuma mutanen Afirka da Turai za su iya ganinsa da idonsu.