Gargaɗi ga Jama'ar Kongo-Rasha: A Bi Sawun Kuɗin Muhalli Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Jama'ar Kongo-Rasha, iyaye da matasa, na masallaci da na coci, masu gida da 'yan haya, damina na tafe, magudanan ruwanmu kuwa ba su shirya mata ba. Duk wanda ya bi layukan unguwar nan ya leƙa cikin gwata ya san abin da ke ciki: yashi, ledar fiya-wata, robobin lemo, tsummokara, da sharar da ake juyewa idan dare ya yi. A Jos ruwa kan fara sauka tun Afrilu, ya tsananta a Yuli da Agusta. Abin da ba mu yashe ba kafin lokacin, ruwa zai yashe shi da kansa, kuma cikin ɗakunanmu zai zube shi. Akwai kuɗin da doka ta ware domin wannan aiki, ana kuma raba shi duk wata a Abuja. In ba mu tashi mun tambaye shi a rubuce ba, yanzu, zai bi ta kanmu ya wuce, mu kuma mu kwana muna kwalfar ruwa da bokiti.

Kada wanda ya ce ai Jos tudu ce, ambaliya ta mutanen bakin Binuwai ce. A daren Lahadi, 22 ga Yuli, 2012, ana farkon azumin Ramadan, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Sama da mutum 30 suka rasu, ciki har da ƙananan yara, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka nutse. Duk cikin Jos ta Arewa ne, ba su da nisa da mu, kuma da yawanmu muna da 'yan'uwa ko abokan kasuwa a can. Zamanmu a kan tudu ma shi ne haɗarin. Garin yana sama da mita 1,200, ƙasarsa dutse ce da gangare, ruwa ba ya tsayawa ya nutse, gudu yake yi ya nufi kogin Dilimi. Kowane sabon rufin kwano, kowane tsakar gida da aka dame da siminti, yana ƙara masa gudu. Masana yanayi sun tabbatar cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu kan zubo cikin sa'a guda. Mun ga ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga ta Mokwa a Mayun 2025.

To, ina kuɗin yake? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da gyaran magudanan ruwa da titunan unguwa, da kwashe shara. Aikinta ne, ba alfarma take yi wa kowa ba. Bayan kason da take samu daga asusun tarayya, akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 domin zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, kuma ƙananan hukumomi suna da nasu rabon a ciki, kamar yadda jihohi da tarayya ke da nasu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da hurumin taɓa shi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, gaskiya ne. Amma Filato ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 17 a Oktoban 2024, saboda haka ciyaman da kansila na da wa'adin da ƙuri'armu ta ba su, kuma muna da bakin tambayarsu. In an ce mana "babu kuɗi", mu ce a nuna mana takardar abin da ya shigo. In an ce "jiha ce ta riƙe", mu ce a rubuta mana haka a sa hannu.

Mu mutanen Filato bai kamata a yi mana dogon bayani kan yadda kuɗin muhalli ke ɓacewa ba, domin a kanmu aka yi. A 2001 an saki naira biliyan 1.162 daga wannan asusu domin matsalolin muhallin jihar nan, jihar da haƙar kuza ta bar wa ramuka da tafkuna masu cin ran yara da dabbobi. Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamna Joshua Dariye a 2007 kan wannan kuɗi. Sai a Yunin 2018 babbar kotun Abuja ta same shi da laifi ta ɗaure shi shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da goman a Maris 2021, sannan a Afrilun 2022 aka yi masa afuwa. Ku lissafa: shekara 17 tsakanin fitar kuɗin da hukuncin farko. Yaron da aka haifa a shekarar da aka saki kuɗin ya isa rubuta jarrabawar kammala sakandare kafin alƙali ya yi magana. Shari'a ta yi aikinta, amma ba ta cike rami ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne talakan da aka karɓo kuɗin da sunansa bai ma san an karɓo ba. Wannan rashin sani shi ne ƙofar, kuma har yau a buɗe take a matakin unguwa.

A matakin unguwa ba biliyoyi ake ɗauka ba, shi ya sa ba a jin ƙararsa. Yadda abin kan kasance a garuruwa da dama shi ne a kafa rumfa, a jera kujeru, a raba riguna masu hoton bishiya, a dasa 'yan tsirrai a ƙarshen damina ba shinge ba mai ban ruwa, a ɗauki hoto, kafin sati biyu awaki sun gama da su, a littafi kuwa an rubuta an yi dashen itatuwa. Ko kuma ƙungiyar da ofishinta ke cikin jakar mutum ɗaya ta karɓi tallafi da sunan matasan unguwa. Saboda haka ina roƙonku da babbar murya: kada ku sa hannu a takardar halartar taron da ba a rubuta kanta ba, kada ku sa hannu kan kuɗin mota in ba a rubuta adadinsa ba. Wanda ya zo da fom na "tallafin sauyin yanayi" yana neman kuɗin rajista, ko lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa a waya, ɗan damfara ne, ko da ya zo da tambarin gwamnati a rigarsa. A kai maganarsa wurin mai unguwa nan take. Iyayenmu mata da zawarawa su ne aka fi yi wa wannan, a gaya musu a gida.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan, kuma dole in faɗe shi a fili. Unguwar nan ta sha wuya a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kuma rikicin Nuwamban 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar nan ya taso. Duk kuɗin da zai fito daga sakatariya ya shigo Kongo-Rasha ta hannun ɓangare ɗaya, ko da an yi aikin kirki da shi, zai haifar da maganar "su aka ba, mu aka hana". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai son cin kuɗin babu abin da ya fi so irin mu tsaya muna zargin juna. Gwatar da ta taso daga layin Kirista ita ce ke ratsa layin Musulmi, in ta toshe a ƙasa na sama ma zai ji. Kwamitin da zai nemi kuɗin nan dole ya haɗa kowa: limami da fasto su ba da mutanen da suka yarda da amanarsu, a sa mata, a sa matasan da ke shiga gwatar da ƙafarsu.

Kwamitin kuma ya je da aiki a hannu, kada ya je da koke. A zaga unguwa a rubuta kowace kwalbati da ta karye da layin da take, a auna tsawon gwatar da ke son gini, a samo magini ɗan unguwa ya yi ƙiyasin siminti da rodi da yashi, a ƙara da baro da shebur da manjagara da takalman roba na masu aikin gayya. A rubuta wasiƙa zuwa ga ciyaman ta hannun kansila, a yi kwafi biyu, a tsaya sai an buga wa namu hatimin karɓa da kwanan wata. A cikinta a tambayi nawa aka sa wa muhalli da magudanan ruwa a kasafin bana, kuma nawa ne na mazaɓarmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa irin wannan tambaya. A kai kwafi ga hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA, a nemi motar da za ta kwashe abin da aka yaso, domin tulin da aka bari a bakin titi ruwan farko ke mayar da shi inda ya fito. A kuma ƙwanƙwasa ofishin ACReSAL na jiha, shirin dala miliyan 700 na Bankin Duniya da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne ƙasa ta ciwo, jikokinmu za su biya, muna da haƙƙin tambayar inda ake aikinsa. In kuɗi ya fito, ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, kada ya kwana a aljihun kowa, a karanta lissafi bayan sallar Juma'a, a sake karanta shi ranar Lahadi bayan sujada.

Sai dai kada mu zauna jiran cak. Masu juye shara cikin gwata da zarar hadari ya haɗo, su daina yau. Wanda ya ja katangarsa ko shagonsa kan hanyar ruwa ya janye da hannunsa tun maƙwabci bai rasa ɗa ba. A riƙa sauraren hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo. Daren da ruwa ya fara shiga ɗaki, a kashe wutar lantarki, a ɗauki yara da tsofaffi a hau tudu, a bar kaya. Bayan ambaliya kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa, domin masai da rijiya kan haɗu, amai da gudawa kuma ya biyo baya.

Masu unguwa, shugabannin matasa da na mata, a kira taro cikin makon nan. Wasiƙar ta isa sakatariya kafin ƙarshen Maris. In kwana bakwai suka cika shiru, kwamiti ya koma da kwafinsa mai hatimi, tare da limami da fasto, ya nemi ganin ciyaman ido da ido.