Abin da wuta take yi wa yashi a cikin tulu

A Gangara, kamar sauran ƙasar Agiye da Gazawa, yashi ba ya wuyar samu. Gonakin hatsi a kansa suke. Har a cikin yumɓun da maginiya take gina tulu da randa akwai shi. Yawancin ƙwayoyin yashi ɓarɓashin wani dutse ne mai tauri, wanda masana suke kira kwarts.

Ƙwaya ɗaya ta yashi ƙarama ce, amma tarin wasu abubuwa ce da suka fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sunansu atom. Ido ba ya ganinsu. A cikin kwarts iri biyu ne: silisiyom da oksijen. Kowane silisiyom yana zaune a tsakiyar oksijen huɗu, kuma haka suke jere, layi bayan layi, kamar saƙar tabarma. Sai dai ba su tsaya cik ba. Kullum makyarkyata suke yi, kowane a wurinsa. In zafi ya ƙaru, makyarkyatar ta ƙaru.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Wutar gasa tukwane ta fi haka zafi sau da yawa. Idan zafi ya kai digiri 573, sai jerin atom ɗin ya sake tsari farat ɗaya, kowace ƙwayar yashi ta ɗan kumbura, kusan kashi 1 cikin 100. Ba narkewa ta yi ba, tana nan yashi. Idan wuta ta mutu, zafi ya sauko ƙasa da 573, sai ta koma yadda take. Wani Bafaranshe, Le Chatelier, shi ya gano haka a shekarar 1889.

Kashi 1 cikin 100 kamar ba kome ba ne, amma ya isa ya ɓata aikin kwanaki. In gefen tulu ɗaya ya kumbura, ɗaya gefen bai kai ba tukuna, sai jikin tulun ya ja, ya tsage. Wajen hucewa abin ya fi muni, don a lokacin yumɓu ya riga ya ƙeƙashe, ba ya miƙewa. Shi ya sa gwanar maginiya ba ta gaggawa. Tana rufe tukwane ko'ina da kara da kashin shanu, don wuta ta ci daidai, kuma ba ta janye su sai sun huce a hankali. Ba ta da ma'aunin zafi, amma ta san aikinta. Tsagaggen tulu kuwa ba ya ɓoyuwa a kasuwa: mai saye zai ƙwanƙwasa shi, ya ji ƙararsa ta dushe.

To, yaya aka san atom suna makyarkyata, alhali ba a ganinsu? Da haske aka sani. A shekarar 1928, a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, wani malami mai suna Raman ya gano cewa in aka haska abu, wani ɗan ƙalilan daga cikin hasken yana fitowa da launi dabam. Akwai na'ura mai rarraba haske launi launi, kamar bakan gizo. Da ita ake auna yadda launin ya sake, daga nan a san saurin makyarkyatar. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1930.

A 1940, Raman da abokin aikinsa Nedungadi suka gasa kwarts a hankali, suna haska shi. Suka ga ɗaya daga cikin makyarkyatar tana rage sauri yayin da zafi yake hawa, kamar tsarkiyar gurmi da ake sassautawa, muryarta tana sauka. Wannan makyarkyata ita ce ƴar murɗawar da atom suke yi a mazauninsu. Idan ta yi sako-sako ƙwarai, sai jerin ya goce zuwa sabon tsari, daidai digiri 573.